Ruwa Zai Koma

"Mai sunan Malam, tsayar da motar nan."

Wata shida Hajiya Suwaiba tana zaune a gidan surukinta a unguwar Park Hill, ba ta taɓa ba shi umarni ba. Ita kanta sai da muryarta ta yi mata baƙo a kunne.

"Mama, nan babban titi ne, ba a tsayawa," in ji Abubakar, idonsa na kan hanya. "Ko mantuwa kuka yi?"

"Mutanen can. A kan me suke tsaye?"

Ta hannun dama, bayan ƙarfen gefen titi, ruwa ne shimfiɗe iya ganinta, rana na wasa a kansa. A tsakiyarsa ga mutane a miƙe, ba jirgi, ba kwalekwale, suna tafiya a hankali kamar ruwan ne ya daskare musu.

"Wani allo ne suke hawa, Mama. Wasan Turawa ne. Nan ake ce wa Jamaica Bay, filin jirginmu yana ƙarshensa."

"To nemi inda ake tsayawa."

Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ba ta da niyya. Abubakar sunan mijinta ne marigayi, sunan da bai taɓa fita daga bakinta ba tun ranar da aka kai ta ɗakinsa a Kano. Da autarta Ilham ta kawo mai irin sunan, sai ya zama Mai sunan Malam, shi ke nan. Shi kuma ko ido ba ya haɗawa da ita. A filin jirgin JFK yake aikin lodin kaya, ƙato ne, amma in ta shigo falo sai ya rasa inda zai ajiye hannuwansa.

Wankan jego ta zo, zama ya yi tsawo har ya kai maƙura. Yau ce ranar ƙarshe da aka buga mata a fasfo. Ilham ta maimaita mata har ta haddace: "Umma, in kika kwana a ƙasar nan yau, bizarki ta mutu. Jikarki Najat sai dai ki riƙa ganinta a waya." Saboda tsoron cunkoson gada ma ta koro su tun hantsi, alhali sai ƙarfe bakwai na yamma ake rufe karɓar kaya. Ga akwatuna a but, ga ƙanshin jaririyar har yanzu a mayafinta, ga wuni guda a gabansu ba abin yi.

Abubakar ya sauka daga babban titin, ya bi wata hanya har bakin wani ɗan rairayi. Akwai rumfa da alluna jingine, dogaye kamar ƙyauren ɗaki, ja da shuɗi da fari. Wata baƙar mace mai faffaɗar hula tana wanke ɗaya da mesa. Ta ji suna magana, ta ɗago.

"Ei, Hausa nake ji? Sannu da zuwa, Mma. Ka zo kallo ne ko ka zo hawa?"

Suwaiba ta waiga bayanta. "Da wa kike?"

"Da kai mana."

"'Yar Gana ce, Mama," Abubakar ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Hausarsu ba ta da mace."

"To ni dai da ɗankwalina kika gan ni. Hawa na zo."

Matar ta yi dariya, ta ce sunanta Akua, a Zangon Accra ta girma. Ta dubi Suwaiba daga sama har ƙasa, ta ce sabon hawa a durƙushe yake farawa, kuma kowa sai ya sha ruwa sau biyu kafin ya miƙe.

"Ni 'yar Sarkawan Yawuri ce," in ji Suwaiba. "A cikin jirgi aka yanke mini cibiya. Miƙo abin tuƙin."

Ta tuɓe takalmi, ta naɗe doguwar rigarta a kan wandon da Ilham ta tilasta mata sawa saboda sanyin jirgi, ta ɗaure ƙugu da mayafi. Jakar da fasfo da waya ke ciki ta miƙa wa surukinta ba tare da ta dube shi ba. Akua ta saka mata rigar ruwa, ta ɗaura mata igiyar allon a idon sawu.

"Ka ji, Mma. Ka ga balan-balan ɗin can masu ruwan ɗorawa? Kada ka wuce su. Ruwa zai koma."

"Ya koma ina?"

"Gida. Teku."

Suwaiba ta dubi ruwan, cike yake maƙil har yana lasar ƙafar rumfa. Ai dole ya koma. Nasu ma na Yawuri yana komawa. Ya cika bayan damina, ya yi ta janyewa taku-taku wata da watanni, har a shuka albasa a inda aka kama giwan ruwa.

"Kafin ya koma ina Kano ina cin tuwo," in ji ta.

Akua ta ƙyalƙyale, ta ɗauka raha ce. Wasu Turawa suka iso da yaransu, ta nufe su.

"Mama, ruwan nan ba kamar…" Abubakar ya fara.

Ta ɗan juyo kaɗan. Ya sunkuyar da kai, sauran maganar ta maƙale.

Ta tsinko ciyawa ta jefa. Ciyawar ta yi hagu, tana sauri. To, hagu ce gangara. Haka mahaifinta ya koya musu tun kafin su yi wayo: mai fita ruwa yakan fara haurawa sama lokacin da yake da ƙarfi, in ya gaji ya juyo, ruwa ya kawo shi gida. Ta taka allon da ƙafar dama, ta bi da hagu, ta miƙe.

Allon ya yi rawa sau ɗaya, ya nutsu. Gwiwoyinta suka tuna da kansu. Ta soka filafilin, ta ja, ta juya hancin allon dama. A bayanta ta ji Akua tana cewa wani abu da Turanci, Turawan suna tafi.

Rabonta da tsayuwa a kan ruwa tun tana budurwa. Amma wannan ba jirgin Baba ba ne. Babu bango, babu ciki, babu komai tsakanin tafin ƙafarta da ruwan sai kaurin tafin hannu. Duk motsin da ya yi tana jinsa a ƙashin bayanta. Ta leƙa ƙasa ta ga ƙananan kifaye sun watse daga inuwarta kamar an watsa tsabar azurfa. Ta ɗebo da hannu ta ɗanɗana. Gishiri. Ta tofar, tana dariya ita kaɗai.

Ba ta ma lura da lokacin da ta wuce balan-balan ɗin ba.

Gaba ta buɗe. Wani jirgin sama ya taso daga bayan ciyayi, ƙato, cikinsa fari, ya bi ta saman kanta har ta ga ƙafafunsa suna naɗewa, ƙararsa ta shiga haƙoranta. Bai ɓace ba sai ga jirgin ƙasa can nesa yana gudu a kan wata siririyar gada, tsakiyar ruwa, inuwarsa na binsa a kife. Na sama, na ƙasa, ga ta ita a nata. Can ƙarshen duniya kuma dogayen benayen Manhattan sun yi shuɗi-shuɗi, jere kamar haƙoran matsefi. Wata shida tana garin nan, abin da ta sani shi ne tagar kicin, da lifta mai warin albasa, da shagon 'yan Gana na Stapleton inda suke sayen daddawa. Ashe duk wannan yana nan a bayan bango.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," ta faɗa a hankali.

Ta yi ta haurawa. Tuƙin ya yi mata sauƙi, sannan ya ƙara sauƙi, ta ce a ranta ashe ƙarfin yana nan. Ta ratsa tsakanin wasu tsibirai na ciyawa zalla, kore shar, balbelu tsaye a gefensu kamar waɗanda ta baro a gida. Wani shaho ya faɗo daga sama, ya daki ruwan, ya tashi da kifi yana wutsil-wutsil a farcensa. Sai da kafaɗunta suka fara zafi sannan ta ce ya isa. Ta juya allon, ta zauna, ta ɗora filafilin a cinya, ta lumshe ido. Saura aikin ruwa.

Da ta buɗe ido, gadar jirgin ƙasan ta ƙanƙance.

Ta murza idon. Kamata ya yi rumfar Akua ta matso. Babu rumfa, babu balan-balan. Tsibirin da ta wuce ɗazu yana gabanta, yana ƙara nisa. Ta tsinke zare daga bakin mayafinta ta saka a ruwa. Zaren ya bi ta bayanta, ya nufi inda ta kira sama.

Ta sake sakawa. Haka dai.

Ta san halin ruwa tun yarinta. Ta ga kogi ya cika, ta ga ya ƙafe, ta ga ya cinye gari. Ba ta taɓa ganin ruwan da ya juya ya koma inda ya fito ba. Sai ka ce wani hannu ne ya kama faifan duniya ya karkata shi ɗaya gefen.

Ta miƙe ta hau tuƙi. Ta ja, ta ja, iska ta taso ta cika mata riga, allon yana tsaye wuri ɗaya kamar an ɗaure shi. Ta sassauta don ta numfasa, ya ja da baya. Yanzu ta gane sauƙin ɗazu. Ba ƙarfinta ba ne, ruwan ne ya riga ya juya yana ɗauke da ita. Ta haura sama da ƙarfinta, ga shi za ta sake haurawa sama da gajiyarta.

Ta ga wata 'yar hanya ta shiga cikin tsibirin ciyawa. A gida, irin wannan ce mafakar mai jirgi in tsakiya ta yi ƙarfi: a bi gefe, a tokari ƙasa da gora. Ta kutsa. Nan ruwan ya lafa, ta juya filafilin tana tokarar ƙasa, allon ya ci gaba, zuciyarta ta ɗan kwanta. Hanyar ta lanƙwasa, ta sake lanƙwasa, ta tsuke. Wani abu ya karce a ƙarƙashin allon. Ta tokara da ƙarfi. Ya ƙi.

Tana tsaye tana kallo ruwan ya bar ta.

Ba gudu ya yi ba. Zamewa ya yi, shiru, ta ƙananan jijiyoyi a cikin laka, kowace tana bin 'yar'uwarta. Gindin ciyawa ya bayyana, baƙi, cike da ƙananan katantanwa. Taɓo ya fito yana sheƙi kamar bayan tarwaɗa. Abin da kogin Yawuri ke yi daga kaka zuwa bazara, wannan ya yi shi a gabanta kafin a dafa shinkafa. Ƙananan ƙaguwa dubbai suka fito daga ramuka, kowace ta ɗaga hannu guda. Tsuntsaye suka sauko, masu dogon baki, masu jan ƙafa, suka hau kiwo ba wanda ya kula da ita. Wata halitta ta wuce dab da allon, kamar ƙwarya a kife da wutsiya kamar tsinke, tana jan jiki tana barin sawu.

"Ruwa zai koma," ta faɗa. Yarinyar ta gaya mata da Hausa, da bakinta.

Ta saka ƙafa ɗaya a taɓon, ta nutse har gwiwa, da kyar ta zaro ta. Ciyawar ta fi ta tsayi ta kowane gefe. Ta dubi rana ta ga ta karkata sosai. Najat ta faɗo mata a rai, yadda take kama mata ɗan yatsa in ana gasa mata cibiya, da sabon haƙorin da ya fara leƙowa shekaranjiya. Yarinyar za ta yi tafiya, ta yi magana, ta yi ta amsa Hausa da Turanci kamar sauran 'ya'yan Park Hill, kakarta tana cikin waya kamar hoton kalanda. Saboda wasan Turawa.

Ta yi alwala da ɗan ruwan da ya kwanta a wani gurbi, gishiri na cizon idonta. Ta haɗa azahar da la'asar a zaune a kan allon, tana kintatar gabas da inda jirage ke tasowa. Ta idar ta daɗe hannunta a sama. Abin mamaki, tsoron yana nan, amma bai hana ta ganin yadda hasken yamma ya mayar da lakar nan zinariya ba.

Sai ta ji inji.

Ta zabura ta miƙe. Ta wata 'yar kafa a cikin ciyawar ta hango babbar hanyar ruwan, ta hango ƙaramin jirgi mai inji yana tafe a hankali. Akua ce a baya riƙe da sitiyari. A gaba ga Abubakar durƙushe, rungume da jakarta, rigar ruwa ta shaƙe masa wuya, yana waige-waige. Mutumin da ko kwatamin Kano ba ya tsallakawa sai ya yi bisimilla.

"Ga ni nan," ta ɗaga murya. "Ga ni."

Tsuntsayen teku suka amsa mata da irin muryarta. Ta kwance mayafin ta ɗaura a kan filafilin ta ɗaga sama tana kaɗawa. Rana tana bayanta, tana dukan idonsu. Abubakar ya kare fuska da hannu ya juya ɗaya gefen.

"Mai sunan Malam! Mai sunan…"

Wani jirgin sama ya taso, ƙararsa ta haɗiye sauran. Ƙaramin jirgin ya kai ƙarshen kafar, hancinsa ya fara shigewa bayan ciyawa. In ya wuce, ya wuce ke nan.

Ta san abu ɗaya tun daga kasuwar Yawuri: ko ana ruwa ana tsawa, mutum yana jin sunansa. Shekara talatin da wani abu sunan nan yana kwance a ƙarƙashin harshenta. Ba ta faɗe shi a ɗaki ba, ba ta faɗe shi a asibiti ba, ba ta faɗe shi ranar da aka fita da shi ba. Ta cika ƙirji da iska, ta buɗe maƙogwaro irin na masu kiran jirgi daga wancan ƙetare.

"Abubakar!"

Tsuntsayen tsibirin suka tashi gaba ɗaya, fari fat, sama ta cika da fukafukai.

Kansa ya juyo kamar an mare shi. Ta ga ya ɗaga hannu, ta ji injin ya mutu.

Jirgin bai iya shigowa ba. Akua ta ce ta kwanta a kan allon ta riƙe da kyau, ta jefo igiya, ba ta kai ba. Kafin a sake magana Abubakar ya ajiye jakar, ya dira cikin taɓon da takalminsa na aiki. Ya nutse har cinya. Ya taho yana zaro ƙafa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa ta yi toka-toka, bakinsa na motsi da addu'a. Ya kama hancin allon, ya juya mata baya, ya ja ta kamar akwati.

"Ei, Mma," in ji Akua da suka ɗago ta. "Na ce maka ruwa zai koma."

"Kin ce. Ba ki ce yau ba."

"Kullum ne. Sau biyu. Wata ne yake jan shi."

"Wane wata?"

Akua ta nuna sama da haɓa. Suwaiba ta bi da kallo, ga shi kuwa, fari-fari, rabi, yana tsaye tun rana ba ta faɗi ba kamar bai san komai ba. Ta daɗe tana dubansa. Suka iso rairayin, wanda yanzu ya yi faɗi kamar filin idi, rumfar tana can nesa a kan tudu.

Akua ta wanke musu ƙafafu da mesa a tsaye. Wayar cikin jaka tana ta kuka, Ilham ce.

"Kada ka ɗauka," in ji Suwaiba.

"Kira na tara ke nan, Mama."

"Ka ce mata muna hanya. Ai muna hanya."

Bai bi babban titi ba. Ya kutsa ta unguwanni, ta bayan rumbunan kaya, ta hanyoyin da ma'aikatan filin jirgi ke bi in sun makara, takalminsa na fitar da ruwa duk sanda ya taka birki. Agogon mota ita ba ta kalle shi ba, fuskarsa take kallo ta madubi, shi ya ishe ta. A bakin ƙofa ya bar motar a hannun wani direba ɗan Nijar da ya sani, ya ɗora akwati ɗaya a kai, ya ja ɗaya, ya ruga. Tana biye da shi, rigarta na ɗiga. Matar da ke karɓar kaya ta riga ta ɗauko sarƙar rufe layi. Ta dubi ƙaton da laka ta shafe har ƙugu, ta dubi katin aikin da ke wuyansa, ta dubi tsohuwar da ke bayansa tana haki. Ta mayar da sarƙar.

A inda masu rakiya ke tsayawa, ya miƙa mata fasfo da tikiti da hannu biyu, ya rusuna.

"Allah ya kiyaye hanya, Mama. Ku yafe mini. Da na ƙarasa maganata da safe…"

"Da ban ji ba. Tashi, mutane na kallo."

Ya miƙe, yana murza hannu. "Ɗazu a ruwa, sai na ji kamar an kira…"

"Tsuntsaye ka ji."

"Haka ne, Mama."

"Kuma Ilham ba ta da buƙatar labarin tsuntsaye."

"Wandon fa, Mama? Me zan ce mata?"

"Ka ce ka faɗa kwata. Za ta yarda." Ta gyara mayafinta mai warin gishiri. "In Allah ya dawo da ni yayen Najat, ka tambayo mini 'yar Ganar nan lokacin da ruwan yake zuwa da lokacin da yake tafiya. Kai ma ka koyi tsayuwa. Ƙato da kai a durƙushe."

Kujerarta ta taga ce. Rana na dab da faɗuwa jirgin ya ɗaga, ya karkata fiffike, tafkin ya buɗe a ƙarƙashinta gaba ɗaya: gadar, tsibiran, faffaɗan taɓon da ya yi ja kamar garwashi. Ta manna goshi a gilashi tana neman 'yar hanyar da ta maƙale. Ba ta gane ta ba, sun yi yawa. Amma a cikin kowace ta ga wani siririn zare mai ƙyalli yana kutsawa, yana rarrafe cikin laka daga wajen teku.

Matar da ke kusa da ita ta leƙo, ta tambaye ta da Hausar Damagaram ko lafiya.

"Ruwa ne," in ji Suwaiba, ba ta ɗago ba. "Ya dawo."